Kalmar “Ɗinkewa” da Abubuwan da ke Rufe Ɓarakarsu: Sharhi Daga Bakin Tafkin Kainji

1.0 Gabatarwa

Wannan sharhi ya shafi kalma guda ɗaya ne, wadda ake neman ture ta gefe a inda take da amfani, ake kuma ɗora mata kayan da ba nata ba a inda ba ta da hurumi. Kalmar ita ce “ɗinke”, ko kuma “ɗinkewa”. Abin da ya jawo hankalina gare ta shi ne shigowar wasu kayayyaki kasuwanninmu, waɗanda masu ƙera su ke cewa idan sun huje sukan rufe hujin ba tare da an sa musu hannu ba. Akwai tayar mota da ta babur, akwai ruwan da ake ɗura wa taya don maganin ƙusa, akwai murfin robar kwalbar allura, akwai kuma ambulan da ba ya bukatar a shafa masa ƙaro. Turanci yana da kalma ɗaya da ta tattara waɗannan duka, su kuwa masu fassara a gidajen rediyo da masu rubuta takardun talla sukan juyo ta yadda suka same ta, su ce “mai rufe kansa” ko “mai liƙe kansa” ko “mai toshe kansa”.

Manufata a nan ita ce in nuna wa mai karatu cewa wannan fassara ba ta zauna ba, kuma Hausa tana da kalmar da ta fi ta dacewa tun kafin zuwan taya. Haka kuma zan nuna cewa ita kanta kalmar tana da iyaka, kuma mu mutanen ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga, da rayuwarmu ta rataya ga jirgin katako, mu ne ya fi kamata mu san wannan iyaka.

2.0 Aibin fassarar “mai rufe kansa”

Aibi na farko shi ne na kunne. A Hausa “kai” yana nufin mutum shi da kansa, yana kuma nufin kan da ke bisa wuya. Idan aka ce wa Bahaushen da bai ji Turanci ba “mai rufe kansa”, abin da zai fara zo masa a rai shi ne mai rawani ko mai lulluɓi. Idan aka ce “mai toshe kansa” kuwa, sai maganar ta koma kusa da zagi, domin wanda kansa ya toshe shi ne wanda ba ya gane karatu. Waɗanda suka lura da haka sukan gyara su ce “mai rufewa da kansa”. Wannan ya fi, amma bai faɗi abin da ake rufewa ba. Ƙofar da iska ta turo ita ma ta rufe da kanta, alhali kuwa ba huji ta gyara ba.

Aibi na biyu ya fi na farko nauyi. Kalmar Turancin ta haɗa abubuwa biyu ne da ba jinsinsu ɗaya ba. Ambulan da leda mai gam a baki ba su gyara wata ɓarna, abin da kawai suka yi shi ne sun hutar da mutum neman ƙaro, kuma har yanzu sai ya danna da yatsa. Taya da tankin mai kuwa rauni suke samu daga waje, su mayar da bakinsa. Idan Turanci ya zuba su a ƙwarya ɗaya, ba dole ba ne Hausa ta bi shi. Aikin mai fassara shi ne ya duba abin da ake nufi, ya nemo masa suna a cikin harshen da yake fassarawa zuwa gare shi.

3.0 Kalmomin da ke takara

Akwai kalmomi biyar da za a iya kawowa: rufe, toshe, liƙe, cike da ɗinke. “Rufe” ta yi faɗi da yawa, kamar yadda na nuna. “Toshe” tana nuna wani abu daban ya shiga kafa ya tsaya a ciki, kuma yawancin amfaninta a wajen abin ƙi ne: magudana ta toshe, hanci ya toshe, basira ta toshe, ga kuma toshiyar baki. “Liƙe” tana bukatar abu mai danƙo a tsakani, saboda haka ita ce ta dace da ambulan, a ce “ambulan mai liƙewa ba ƙaro”. “Cike” kuwa ta rami ce, kamar rijiyar da yashi ya cike ko tsohon kududdufi, kuma a nan rufewar hasara ce.

“Ɗinke” ita kaɗai ce a cikinsu ke nuna baki biyu na abu ɗaya, waɗanda suka rabu, sun dawo sun haɗu har ba a ganin tsakani. Muna cewa hanya ta ɗinke idan ciyawar dama da ta hagu suka gamu a tsakiya. Muna cewa daji ya ɗinke, kuma wanda ya zaga ganuwar tsohon Birnin Yawuri da damina ya san abin da ake nufi, domin tun da sarauta ta koma Yelwa a 1888 itatuwa da gonaki suka cinye wurare da yawa na birnin da ’yan’uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka tarar cike da jama’a a 1830. Muna cewa kasuwa ta ɗinke, ko fili ya ɗinke da mutane, wato babu masaka tsinke. Lakar fadama da ta tsattsage da bazara har ƙafar yaro na iya shiga, da an yi ruwa biyu ko uku sai ta ɗinke. A duk waɗannan misalai babu tela, babu allura.

4.0 Ginin kalmar

Masana nahawu, tun daga aikin F. W. Parsons na 1960, sun kasa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai gwargwadon wasalin ƙarshe da karin sauti. Wannan tushe namu yana fitowa a siga da dama, amma uku ne suka shafe mu. “Tela ya ɗinka riga”, akwai mai aiki akwai abin da aka yi wa aiki. “Riga ta ɗinku”, wato an ɗinka ta kuma ɗinkin ya yi kyau. Ba a ambaci tela ba, amma kowa ya san yana nan. Sai ta uku mai ƙarewa da “e”, wadda ke aji na huɗu, ita ce mai fuska biyu. Ana cewa “tela ya ɗinke riga”, ana kuma cewa “hanya ta ɗinke”. A jimla ta biyu babu wanda aka ɓoye. Ginin kalmar shi ya ɗauki ma’anar “da kansa”, ba sai an jingina mata wani “kai” ba.

Akwai abin lura a nan. Idan mai karatu ya lissafa kalmomin wannan aji da ke tsayawa ba mai aiki, zai ga mafi yawansu na lalacewa ne: fashe, karye, tsinke, yage, kece, huje, tsage, dare, ɓarke, rushe, zube. Na gyaruwa kuwa ’yan kaɗan ne, irin su warke da haɗe da ɗinke. A ganina wannan ba haɗari ba ne. Harshe ya adana abin da masu shi suka daɗe suna gani, wato abu ya ɓaci ba a taɓa shi ba ruwan dare ne, amma ya gyaru ba a taɓa shi ba abin ƙirgawa ne da yatsu.

Na taɓa jin an kawo shawarar a ƙirƙiro “ɗinkau” a matsayin suna, bisa misalin “mantau” da “gagarau”. Ban goyi bayan wannan ba, domin a rubuce zai faɗa layin “dakau” da “niƙau” da “wankau”, waɗanda aiki ne da ake yi wa wani don lada. Sai mai karatu ya ɗauka telan haya ake nufi. “Taya mai ɗinkewa” ta wadatar, kuma tsohuwa a Gungun Sarki ko a Shanga za ta gane ta ba sai an yi mata bayani ba.

5.0 Jirgin katako

A bakin ruwa ne wannan kalma take da tushe mai zurfi, domin ɗinki da jirgi sun daɗe tare a Kogin Kwara. Bafaranshe René Caillié, wanda ya bi kogin daga Jenne zuwa mashigar Tambutu a 1828, ya bayyana manyan jiragen da aka haɗa allunansu da igiya, aka cusa wa tsakaninsu dakakkiyar ciyawa da laka, kuma ya nuna cewa duk tafiyar akwai masu aikin kwashe ruwa da ƙwarya. Kafin shi, Mungo Park ya haɗa ɓangarorin jirage biyu ne a Sansandin a ƙarshen 1805 ya yi jirgin da ya kira Joliba, wanda ya ratsa ƙasar Yawuri da shi kafin ya halaka a duwatsun Busa a farkon 1806. Wannan ɗinki ne na hannu, irin na “ɗinka”.

A yau jiragen fito da na kasuwa da ke tashi daga Yelwa da Zamare da Wara da allunan katako ake yin su, a buga da ƙusa, a cusa auduga ko tsumma a tsakani, a shafe da kwalta, wani lokaci a bi layin da yankan kwano. Amma duk maƙerin jirgi ya san aikinsa bai ƙare a tudu ba. Ranar da aka tura sabon jirgi ruwa sai ya yi yoyo, kuma wannan ba aibi ba ne. Akan bar shi a gefe ya sha ruwa na ’yan kwanaki, allunan su kumbura, kowane ya matsi ɗan’uwansa, yoyon ya ragu har ya tsaya. A nan ne ake cewa jirgi ya ɗinke. Haka abin yake ga jirgin da ya daɗe a tudu iskar hunturu ta busar da shi har ana hangen haske ta tsakanin alluna.

Wani dattijo da ya yi shekaru yana wannan sana’a a Yelwa ya nuna mini abubuwa uku da ban ga masu tallar kayan zamani suna faɗin irinsu ba. Na farko, katako a faɗinsa yake kumbura, tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Saboda haka layin da ke tsakanin gefen allo da gefen allo yana ɗinkewa, amma inda kan allo ya gamu da kan wani allo ba ya ɗinkewa ko an shekara a ruwa, sai an yi masa aiki da hannu. Na biyu, idan aka cusa wa busasshen jirgi tsumma aka danne fiye da kima, ranar da ya kumbura ba shi da wurin motsi, sai allo ya lanƙwashe ko ya fizge ƙusa. Na uku, kowane zagaye na bushewa da jiƙewa yana rage wa katako ƙarfin dawowa. Tsohon allo da ya fara ruɓewa yana shan ruwa kamar soso, amma ba ya matsar kowa, ƙusoshinsa kuma tsatsa ta ci su. Da na ce masa, “Baba, ashe ɗinkewa tana tsufa?”, sai ya yi dariya ya ce, “Malam, mai ita ma yana tsufa.”

Masana kimiyyar katako sun tabbatar da duk waɗannan, kuma ya kamata a ƙara da cewa jirgin ƙarfe da na roba mai tauri ba su da wannan hali ko kaɗan. Idan suka tsage, sun tsage ke nan sai walda ko faci.

6.0 Sharuɗɗan ɗinkewa

Idan aka jera jirgin katako da kayan Turawa, za a ga dabara ɗaya ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, an riƙa lulluɓe tankin man jiragen sama na yaƙi da roba hawa-hawa, a sa ɗanyar roba a tsakiya. Idan harsashi ya huda tanki, fetur ɗin da ya biyo hujin shi ke taɓa ɗanyar robar, ta kumbura ta rufe kafar. Tayoyin da kamfanoni irin su Continental da Michelin ke yi a yau suna da danƙo shimfiɗe a ciki, idan ƙusa ta shiga sai iskar da ke neman fita ta tura danƙon cikin hujin. Itacen dakwara da aka sara yakan fitar da ƙaro ya rufe sarar, jinin ɗan’adam ma haka yake daskarewa a bakin yanka.

Daga nan nake fitar da sharuɗɗa uku. Sharaɗi na farko, abin da ke neman shiga ko fita shi ne ke tayar da rufewar: ruwa ga katako da laka, fetur ga roba, iska ga taya. Wannan yana nufin dole a yi ’yar hasara kafin a ɗinke. Sharaɗi na biyu, dole jikin abin ya kasance da sauran ƙarfi a ajiye. Sharaɗi na uku, dole ɓarakar ta zama ƙarama. Su kansu masu yin tayoyin nan ba su yi alkawarin abin da ya wuce hujin milimita 5 ko 6 ba, kuma a tafin taya kawai, ban da gefenta, sannan suna cewa a kai wa mai faci ya duba. Tankin jirgin yaƙi ma harsashin bindiga yake jurewa, idan babban makami ya yaga shi roba ba ta da abin yi.

Kuskuren fassarar “mai rufe kansa” ke nan a aikace: tana sa mai saye ya ɗauka abin ba ya bukatar kowa. Ɗan acaɓa da ya ɗura ruwan maganin ƙusa a tayarsa ya daina duba ta, yana tafiya ne da ƙusa uku a ciki bai sani ba.

7.0 Inda kalmar ke yaudara

Kada a ɗauka ina wanke “ɗinke” ne daga kowane laifi. Kalmar tana faɗin abin da ido ya gani a sama, ba ta faɗin abin da ke ƙasa. Ungozoma da wanzami sun san miki na iya ɗinkewa da mugunya a ciki, kuma irin wannan ya fi buɗaɗɗe haɗari.

Babban misali yana gabanmu. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 ya kwanta a kan tsohuwar Busa da tsibirin Foge da gungunan Gungawa da ƙauyukan Kambari da Lopawa da sauransu. Kimanin mutum 44,000 aka tayar aka sake wa matsuguni. Ina yaro a lokacin, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ruwan ya kwanta sumul kamar ba a taɓa yin gari a wurin ba. Ruwa ya ɗinke, amma itatuwan da ba a sare ba suna nan tsaye a ƙarƙashinsa. Duk shekara idan tafki ya ja baya, kafin farin ruwa na damina ya sake cika shi, kututturan nan sukan matso kusa da cikin jirgi, matuƙi ba ya ganinsu sai ya ji duka. Haka kuma baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure, ’yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta bayyana a tafkin a ƙarshen shekarun 1980 har sai da aikin haɗin guiwa na Nijeriya da Jamus ya tashi tsaye a kanta a shekarun 1990, ita ma jirgi na wucewa take ɗinkewa a bayansa kamar kainuwa, ta rufe wa masunci hanya da taru.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kalmar ta zama abin rufe bakin fasinja. Wanda ya saba shiga jirgin kasuwa ya san wannan magana: mace ta ce, “Mai jirgi, ga ruwa yana taɓa ƙafata,” a amsa mata, “Kwantar da hankalinki, Hajiya, yanzu zai ɗinke.” Maganar gaskiya ce a kan sabon jirgi da ke jiƙe a gefe babu kowa a ciki. A kan tsohon jirgi da ke tsakiyar tafki da buhuna da babura da mata da yara, ƙarya ce da aka yi da kalmar gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya nufi Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, ya nutse, kuma waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne. Jami’an kula da hanyoyin ruwa sun danganta abin da tsufan jirgin da kuma lodin da ya wuce kima. Waɗannan dalilai biyu su ne daidai sharaɗi na biyu da na uku da na ambata: katakon da ƙarfinsa ya ƙare, da nauyin da ke buɗe ɓaraka fiye da yadda kumburi zai iya rufewa.

A fagen zaman jama’a ma haka ne. Jaridu sun saba da “an ɗinke ɓaraka”, wanda ke nuna akwai waɗanda suka zauna suka yi aikin sulhu. Amma sau da yawa akan ce “sun ɗinke” don kawai an ga mutum biyu sun gaisa a wajen ɗaurin aure. A shekarun da na yi ina aikin gwamnati na ga rigingimun iyakar gona da na wuraren su da aka rubuta cewa sun mutu don an daina kawo ƙara, bayan shekara goma ’ya’yan masu rigimar suka tono su. Shiru ba ɗinkewa ba ne, in ma ɗinkewar ce, to irin ta ruwa ce a kan kututture.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarata ga masu fassara da malaman Hausa da ma’aikatan gidajen rediyonmu ita ce kamar haka. A daina cewa “mai rufe kansa”. Abin da ke mannewa ba tare da an ƙara masa gam ba, a ce “mai liƙewa”. Abin da ke mayar da bakin hujinsa, a ce “mai ɗinkewa”, kuma a duk inda rai ko dukiya ke ciki a haɗa da iyakarsa, a ce “mai ɗinkewa idan hujin ƙarami ne”. Masu tsara ƙamus na gaba su ware ma’anar “ɗinke” mai tela da marar tela, su kuma sa misalin jirgi, domin a nan ne ma’anar ta fi fitowa fili.

Ina kuma kira ga Hukumar Tarihi da Al’adu ta tura matasa masu bincike wurin maƙeran jirgi da Sarkawa da sauran masunta na Yelwa da Wara da Shanga, su tattara sunayen sassan jirgi da na kayan aiki da kalmomin gyara, da Hausa da harshen Gungawa da na Kambari, tun dattawan da suka ga kogin kafin 1968 suna raye. Ƙungiyoyin masu jirage kuwa, ya kamata ya zama doka a tsakaninsu cewa jirgin da ke jiran ɗinkewa a gefe yake jira, ba kowa a cikinsa, kuma wanda ya kwana uku yana shan ruwa bai daina yoyo ba, a fitar da shi tudu a kira maƙeri. Rigakafi ya fi magani.